Kawu, Mai Gyara Ɗaya a Wata

Na iso Bagudo an riga an kai Kawu makwancinsa. Na san wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, kuma na yi ta nanata wa kaina haka a mota tun daga Abuja. Abin da ban shirya masa ba shi ne maganganun da na tarar a tsakar gida.

Mata sun cika tabarmi har bakin madafa. Na durƙusa gaban matar Kawu, wadda muke kira Inna, muka yi kukanmu, na koma gefe na zauna. Ban gama share ido ba na ji wata maƙwabciya tana magana da ta kusa da ita, da irin muryar da ake ragewa amma ana so a ji.

"Allah shi jiƙan Malam, mutum na mai haƙuri. Amma shekara da shekaru shina danne-danne bisa injin ga. Ba garke, ba gonar kirki. Mi yab bari?"

"Ai abin ya zan mishi kamar ciwo," in ji ɗayar.

Inna ta ji su, ta ci gaba da jan carbinta. Ni kuwa raina ya ɓaci. A waje, ƙarƙashin rumfar maza, an yabe shi daidai gwargwado. An ce ya koyar da lissafi har ya yi ritaya, an ce rabin ma'aikatan garin nan sun bi ta ajinsa, an ce bai taɓa makara sallar asuba ba. Duk gaskiya ne. Amma babu wanda ya ambaci aikin da ya fi so a duniya, kamar wani abin kunya ne da ya kamata a binne tare da shi.

Ranar sadakar uku Yaya, babban ɗan Kawu, ya kira ni zaure. Ya ce, "Kwamfutar tsoho, in anka yi bakwai zan kai ta a wanke, in ba ɗiyata, ta samu jami'a. In da abin da kika so ciki, ki kwashe kahin nan."

Yaya ba mugu ba ne, kuma yana da gaskiyarsa. Ni 'yar ƙanwa ce, ba ni da rabo a gadon. Kwashe abin da ke ciki ma aikin minti biyar ne. Sai dai abin da ke cikin kwamfutar nan ba hoton biki ba ne da za a ajiye a manta. Abu ne da in ba a samu mai kula da shi ba ya mutu, kuma duk duniya, bayan Kawu, ni kaɗai na san cikinsa. Ni kuwa shekara uku da suka wuce na rantse ba zan ƙara taɓa shi ba.

Bari in faɗi abin da ya bari, tunda an tambaya.

Lokacin da aka fara kawo kwamfutoci makarantarsu, Kawu ya lura yara suna faɗuwa tun kafin su kai ga lissafin. Turancin ne ke tare su a ƙofa. Sai ya sayo littattafai, ya koya wa kansa rubuta manhaja da furfurarsa, ya zauna ya ƙirƙiro ɗan ƙaramin yaren ba wa kwamfuta umarni da kalmominmu: "idan", "in ba haka ba", "maimaita", "nuna". Bai sa masa suna ba. Mutane suka riƙa cewa yaren Malam, ya zauna a haka.

Irin wannan yare yana tsaye ne a kan abu biyu. Akwai manhajar da ke karanta abin da ka rubuta ta juya shi zuwa abin da inji ke ganewa. Mu a wurin aiki kompaila muke ce mata, Kawu kuwa tafinta yake kiranta. Akwai kuma tarin ƙananan kayan aiki da aka riga aka rubuta, kamar lissafin kwanan wata, jera sunaye, fitar da matsakaicin maki, don kada kowa ya sake ƙera su da kansa. Wannan ya sa masa suna rumbu. In ka ji ya ce yau yana cikin rumbu, kada ka leƙa bayan gida neman sa.

Yana aiki ne da hantsi, a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke kan bulo, lokacin da rana ta fara cika batirin sola. Duk wata gyara ɗaya yake fitarwa. Wani watan biyu, in ya ji ƙarfi. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake rubuta kowane gyara da sunan wanda ya kawo kukan. In ka zo masa da wata dabara mai kyau, tambayarsa ɗaya ce: "Wa yak kawo kuka?" In ka ce babu kowa, kai dai ka ga zai fi kyau, sai ya ce, "To bar shi nan, ba shi cizon kowa."

Farkon wata kuma ya zuba sabon tafinta a filashi, ɗan abin nan na ɗaukar fayil, ya jefa a aljihun gaba, ya hau tsohon babur ɗinsa. Zagga, Geza, Kende, duk inda ke da malami ko ma'aikaci mai amfani da yaren. Na sha ce masa ya tura ta waya. Ya ce ta waya ba ya ganin fuskar mutum lokacin da abin ya ƙi yi.

A irin wannan zagayen wani malami a Zagga ya gaya masa cewa da zarar yara sun ga kalmar "Kuskure" da jan rubutu, sai su ɗauke hannu daga madannai su rungume ƙirji, kamar sun fasa kayan gwamnati. Kawu ya dawo ya shafe wata guda a kan wannan kaɗai. Ya koya wa tafinta ya riƙa hasashen abin da mutum ya yi niyya, ya faɗa masa da ladabi: "Layi na bakwai, ban gane ba. Ko ka manta rufe alamar baka?" Na yi masa dariya a lokacin. Na ce, "Kawu, wata guda a kan jimla ɗaya?" Ya ce, "Ke kin taɓa ganin yaro ya koyi abu shina jin tsoro?"

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya a Geza, mai karɓar haihuwa, da ta rubuta 'yar manhajarta da yaren. Tana shigar da lokacin da aka haifi jariri, manhajar ta fitar da kati mai ranar suna da ranakun allurar rigakafi. Kwamfutarta tsohuwa ce tukuf, in ta kunna tafinta sai ta tafi ta wanke hannu ta dawo bai gama ba. In da ni ce, da na ce ta sayi sabuwa. Kawu ya ɗauki damina guda yana rage wa tafinta nauyi, nan ya cire maimaici, can ya hana shi karanta fayil sau biyu, har ya zama tana dannawa yana amsawa. Ko ruwan gidanta bai yarda ya sha a kan wannan ba, sai da ta yi fushi.

Dokarsa babba ita ce jakar tsofaffi. Duk manhajar da wani ya taɓa rubutawa da yaren, ko ta ɗan aji ɗaya ce mai layi uku, Kawu ya karɓi kwafi ya ajiye tare da amsar da take bayarwa. Kafin ya fitar da kowane gyara sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar amsar ba ta canza ba. Yakan ce, "Abin da yay yi aiki bara, dole shi yi aiki bana. Wanda yar rubuta shi bai yi laihi ba."

A kan wannan dokar muka ɓata.

A hannunsa na koyi sana'ar da nake ci da ita. Amma da na gama jami'a na fara aiki a Abuja, sai na dawo hutu da kaina a sama. Na buɗe tafinta na ga faci a kan faci, kamar rigar noma. Na ce a rushe a sake ginawa daga tushe, wata uku na gama. Ya ce a'a. Na kawo hujja, na kawo zane, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wa yak kawo kuka?"

A wannan shekarar aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi kallon allo. Ya ba ni gyaran watan, wani ɗan abu a sashen kwanan wata. Ina ciki na ga abin da na ɗauka kuskure ne ƙarara. A rumbun Kawu, rana ba ta juyawa da sha biyun dare. Da magariba take juyawa. In ka shigar da ƙarfe takwas na yammacin Alhamis, sai ya ce maka Juma'a. Na san haka muke ƙirga a gida, ni ma daren Juma'a nake cewa. Amma a ganina inji ba zaure ba ne, kuma babu yaren kwamfuta a duniya da ke yin haka. Na gyara. Da na bi jakar tsofaffi, manhajar matar Geza ta ba da amsa daban. Maimakon in tsaya, sai na canza amsar da ke ajiye ta dace da tawa. Na zuba a filashi, aka kai, na koma Abuja ina jin na yi abin kirki.

Bayan sati uku aka haifi yaro a Geza, Alhamis bayan isha'i. Kati ya fito da ranar suna Alhamis. Uban yaron, haihuwarsa ta fari, ya duba kati ya buga wa dangin matarsa waya a tsallaken iyaka, cikin Benin. Suka tashi da gararsu da tsofaffinsu a kan babura, suka iso Laraba da yamma don sunan safe. Kakar yaron ta ce ba a yanka rago sai Juma'a, yaro a daren Juma'a ya zo, ko injin ya so ko ya ƙi. Baƙi suka yi kwanan da ba su shirya ba, aka yi ta gunaguni da Dendanci, ma'aikaciyar lafiyar nan ta sha kunya a garin da take karɓar haihuwa.

Kawu ya kira ni a waya. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga ya fi mini sauƙi.

"Ɗiyata, gyaran da kinka yi ban ga laihinki sosai ba, kowa na kuskure. Amma jaka ta gaya miki gaskiya, kinka rufe mata baki."

Kunya ce ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce, "Kawu, duniya duk ta wuce wurin nan. Abin naka fa mutum goma ne ke amfani da shi."

Ya ce, "Sha huɗu na. Kuma na san gidan kowa."

Na ce to ya riƙe abinsa, na cire hannuna. Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya kashe wayar. Daga nan gaisuwar sallah ce kawai tsakaninmu, da tambayar lafiyar ido. Shekara uku. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, kuma wannan zan tafi da shi har nawa kabarin.

Ranar ta biyar da rasuwa wata mata ta shigo ta'aziyya da farin hijabi da jakar asibiti. Ta gaida Inna, ta ce daga Geza take. Nan take na gane ita ce mai karɓar haihuwar nan. Da aka nuna mata ni, sai ta kama hannuna ta ce Malam kullum yana maganata, wai ɗiyarsa ta Abuja ta fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Ta ba da labarin sunan nan tana dariya da hawaye. Ta ce idonsa ko gama warkewa bai yi ba ya sa aka ɗauko shi a babur, ya je har gidan mai jegon, ya durƙusa gaban kakar yaron ya ce tsufa ne ya sa ya yi kuskure, a yafe masa.

"Wai tsufa," in ji ta. "Malam da ko waƙafi ba ya ɓace mishi."

Da ta tafi, Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin nan mai baƙin bango ta ajiye a cinyata. Ta ce, "Ni ban iya karatun abin ga ba. Amma na san ba na wankewa ba na."

Na nemo watan da abin Geza ya faru. Ya rubuta: "An mayar da juyawar rana magariba yadda take. An ƙara wata hanya ta biyu, ranar agogo, ga mai buƙata. Kuskurena ne." Ashe ma bai jefar da gyarana ba. Ya ba shi wuri a gefe, inda ba zai taka kowa ba.

Shafi na ƙarshe kuwa aiki ne da bai gama ba. Wata malama a Kende ta kawo kuka. Manhajarta ta fitar da sakamakon zango tana mutuwa gaba ɗaya in ta iso kan ɗalibin da bai rubuta jarrabawa ko ɗaya ba. Yaran makiyaya ne, da rani sukan bi shanu su ƙetara iyaka, sai damina su dawo aji. Rumbu yana ƙoƙarin raba makinsu da sifili, sai komai ya tsaya. A ƙarƙashi Kawu ya rubuta: "Kada a ba yaron sifili. Bai faɗi ba, ba ya nan ne."

Washegari da hantsi na zauna a teburinsa na kunna kwamfutar. Ba zan ɓoye ba, da na sake ganin facin nan hannuna ya yi ƙaiƙayi. Har yanzu ina ganin da za a rushe a sake da ya fi kyau, kuma har yanzu ina ganin ina da gaskiya. Na danne zuciyata na taɓa wuri ɗaya tak. Na sa in babu maki ko ɗaya, rumbu ya amsa da "ba ya nan", manhaja ta wuce zuwa ɗalibi na gaba. Layi shida ne. Sannan na buɗe jakar tsofaffi na bi su duka, har da ta yaron da ya sa inji ya rubuta sunan saniyarsu sau ɗari. Babu amsar da ta motsa.

Yaya ya shigo ya same ni ina kwashe komai. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "To kin kwashe. Sai mi? Ke da ke Abuja, wa za ki yi ma wahalar ga?"

Na ce, "Ga mutum sha huɗu."

Ya ce, "Tsoho ya sa miki ciwon nai."

Na ce ya sa, kuma ba na neman magani. Ya girgiza kai ya fita. Kwamfutar an wanke ta bayan bakwai kamar yadda ya faɗa, tana hannun 'yarsa, Allah ya sa ta amfane ta.

Ga masu tambayar abin da ya bari, da abokan aikina na Abuja da suka yi murmushi da na ba su labari, amsata ke nan. Na yi aiki da manhajojin da kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata suka rubuta, na ga yadda suke karya aikin mutane da safe su aiko da saƙon ban haƙuri da rana. Kawuna shi kaɗai, da ido ɗaya da rabi da batirin sola, ya riƙe alkawarin da su suka kasa riƙewa, shekara goma sha wani abu. Wanda ya ga wannan ƙaramin abu ne, ya je ya gwada na wata shida ya dawo mu yi magana. Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata masa inda yake kwance, ya karɓi aikin nan a cikin abin da ladansa ba ya yankewa. Ya ba Inna haƙurin zama a gidan da babu ƙarar madannai da hantsi.

Ranar da zan koma ban bi tasha ba, na ɗauki ɗan acaba zuwa Kende. An yi ruwa, hanya duk taɓo, na isa makarantar da zanena ya yi kaca-kaca. Na tambayi malamar, aka nuna mini wata doguwar mata tana cin gyaɗa a bakin ofis. Na ce ni 'yar ƙanwar Malam ce, na kawo gyaran watan. Ta dube ni, ta dubi filashin, ta shige gaba.

Ta zuba sabon tafinta, ta kira manhajarta, ta danna. Sunaye suka gangaro da makinsu. A gaban yara uku aka rubuta "ba ya nan", sauran suka ci gaba har ƙasa. Ta ɗan jima tana kallon allon, ta goge ido da gefen mayafi. Na zaci yanzu za ta fara yabonsa, na shirya abin da zan ce.

Sai ta ce, "Wanga ya gyaru. Amma in na zo bugawa bisa takarda, sunan da yay yi tsawo shina ture maki waje. Na so in gaya mishi, Allah bai nufa ba."

Kwana takwas ana yi mini ta'aziyya, babu wadda ta shige ni kamar wannan ƙorafin. Na zauna a bencin ɗalibai, na buɗe littafin a sabon shafi, na tambaye ta cikakken sunanta na rubuta a sama.

Ta ce, "Yaushe za ni sa ido?"

Na ce, "Farkon wata."